Bukkar Masunta a Kwarin Rima: Tarihin Ɗakin da Ke Bin Ruwa

Bukkar masunci ɗaki ne na wucin gadi da ake kafawa a bakin gulbi ko tafki, domin kwana da ajiyar kayan su da kyafa kifi, kuma ana tashin ta ko a bar ta a nan da zarar ruwa ya sauya wuri. A gabashin Jihar Sakkwato, inda Gulbin Rima ya ratsa ƙasar Goronyo da Wurno, Gulbin Sakkwato kuma ya bi ta gefen Rabah, bukka tana cikin kayan sana'a ne kamar koma da gora da kwalekwale. Ba a auna ta da ma'aunin gidan gari. Gidan gari ana yabon sa da daɗewa, ita kuwa bukka kyanta shi ne ta tsaya cikin yini ɗaya, ta tare iska, kuma kada barin ta ya zama asara.

Dalilin haka yana cikin halin gulbin kansa. Rima tana samun ruwanta daga Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi, ta gangaro ta ƙasar Sabon Birni da Goronyo da Wurno, kafin ta haɗu da Gulbin Sakkwato a kusa da birnin Sakkwato. Damina a wannan yanki gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba. Kafin a gina madatsun ruwa, gulbin kan cika ya tumbatsa cikin Agusta da Satumba, ya malale fadama mai faɗin gaske, kifi ya bi ruwan ya shiga ciyawa ya hayayyafa. Da kaka ruwa kan fara ja da baya, ya bar tafkuna da gurabe a warwatse. Da bazara yawancin gulbin rairayi ne, sai guraben masu zurfi da ba sa ƙafewa. Ke nan bakin ruwan da masunci ya yi aiki a kansa a watan Oktoba zai iya zama tafiyar sa'a guda daga inda zai yi aiki a watan Fabrairu. Wanda abincinsa ke tafiya haka, dole makwancinsa ma ya iya tafiya.

Masunta a kwarin Rima iri biyu ne tun asali. Akwai manoman bakin fadama, irin mutanen ƙauyukan Boyekai da Takakume da Shinaka da Kagara a ƙasar Goronyo, waɗanda noma ne babbar sana'arsu, su kuwa aikin rani ne da ake yi bayan an kai amfanin gona rumbu. Akwai kuma waɗanda suka gaji ruwa kaka da kakanni, wato Sarkawa da masuntan Kabi. Sunan Sarkawa yana da nasaba da Sorko, masuntan daular Songhai da suka riƙe kogin Kwara, waɗanda zuriyarsu ta cuɗanya da Kabawa har Hausa ta zama harshenta. Manomi mai su yakan koma gida ya kwana idan tafkin yana kusa, bukkarsa ba ta wuce rumfar shan inuwa da ɗan wurin fakewa ba. Basarke kuwa yakan yi wata da watanni a bakin ruwa, wani lokaci da iyalinsa, don haka a hannunsa ne fasahar bukka ta fi zurfi.

Idan bukkoki suka taru wuri ɗaya, sunan wurin tunga. Wannan kalma ta bar sawu a taswirar Sakkwato da Kabi da Zamfara, inda ƙauyuka masu yawa suke amsa sunan Tungar wane, alamar cewa wani mutum ne ya fara sauka a wurin da niyyar zama na ɗan lokaci. Ba kowace tunga ce ta masunta ba, akwai ta manoma da ta mafarauta, amma a bakin gulbi hanyar girmanta kusan ɗaya ce. Shekarar farko bukkar kara, shekara ta biyu a dawo a tarar da dirkokin bara a ɗora a kansu, bayan wasu shekaru wani ya ga tudun bai nutse ba ko a babbar ambaliya, sai ya gina ɗakin ƙasa ya kafa rumbu. Ranar da aka kafa rumbu tunga ta fara zama ƙauye.

Tarihin sarauta ma ya taɓa wannan zama. Alkalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, yana kan Rima ne. Bayan jihadi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Wurno a matsayin ribaɗi, ya zauna a cikinta, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa yake. Manufarsa ta ribaɗi ita ce tara jama'a cikin garuruwa masu ganuwa, a tsare iyaka, a raya noma da sana'o'i. Ga masunci wannan yana da fuska biyu. Gari mai fada da malamai da mayaƙa kasuwa ce ta kifi da ba ta yankewa. Amma a shekarun da hare-haren Gobirawa daga arewa ba su lafa ba, kwana a wajen ganuwa kasada ce, kuma bukkar da za a iya gudu a bari ba tare da waiwaye ba ta fi ɗakin da aka zuba wa dukiya.

Ginin bukka ta gargajiya ba ya bukatar ƙusa ko ƙarfe. Ana fara share wuri a zana da'ira a ƙasa, faɗinta gwargwadon yadda mutum biyu ko uku za su miƙe ƙafa. Sai a kakkafa sanduna masu lanƙwasa, irin na geza da sabara da ake samu a dajin tudu, a tanƙwaro kawunansu su haɗu a sama, a ɗaure da igiyar rama ko ta kaba. A kewaye da tanka, wato karan da ake ɗaurawa a gicciye domin ya riƙe jikin bukkar. Daga nan sai rufi. Mai hali ya kewaya zana, wadda ake saƙawa da gamba, ya yi baibaya da ciyawa. Wanda ke sauri ya jingina dammunan karan dawa ko na gero kawai, tunda lokacin da ruwa ke ja da baya ya zo daidai da lokacin da kara ke zube a gonaki bayan girbi. Ƙofa ƙarama ake yi, wadda sai an sunkuya ake shiga, a rufe ta da asabari ko tufaniya. A ciki a shimfiɗa ciyawa ko kara a ƙasa kafin tabarmar kaba, domin ƙasar fadama tana riƙe da danshi ko da samanta ya bushe.

Abin lura a nan shi ne rabon da ake yi tsakanin abin da ake ɗauka da abin da ake bari. Zana da asabari da tabarma da igiya ana naɗe su a sa a kwalekwale ko a ɗora wa jaki. Sanduna da kara ana barin su, domin inda za a je ma akwai su. Masunci mai gogewa yakan san nauyin da ya cancanci ɗauka, kuma wannan lissafi ne ya sa bukkar Rima ta zauna a kan siffa ɗaya tsawon zamani ba tare da ta ƙara girma ba.

Zaɓen wuri ya fi ginin wuya. Ana son ɗan tudu ko jigawa da ke kusa da ruwa, inda mutum zai iya hango kwalekwalensa da inda ya shimfiɗa mamari ko kalli, domin satar kifi daga tarko da dare tsohuwar matsala ce. Amma kusanci da yawa yana jawo sauro da raɓa da macizai. Ana guje wa hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya, domin a rani fadama ta makiyayi ce kamar yadda take ta masunci da mai lambu, kuma rigima da yawa daga wurin kafa bukka take farawa. Ƙofa kuwa ba a fuskantar da ita gabas ko arewa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hadarin farkon damina ma daga gabas yake tasowa, saboda haka bukka takan juya wa gabas baya, a ninka zana ta wannan ɓangare, ƙofa ta kalli yamma ko kudu.

Baƙo zai yi mamakin jin cewa a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu, sanyi ne babban abin da ake gina bukka dominsa. Amma lokacin su mafi albarka ya faɗo ne cikin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da awon sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 15, ga iska mai bushewa da ƙura. Mutumin da ya shiga ruwa da asuba ya duba gura da undurutu, ya fito jiƙe sharkaf iska ta buge shi, yana bukatar wurin da zai fake nan take. Don haka wuta ba ta rabuwa da bukka. Ita ke ɗumama jiki, hayaƙinta ke korar sauro, ita kuma ke hana kifi lalacewa. A gefen bukka ake kafa wurin kyafa kifi, inda ake jera tarwaɗa da karfasa da kurungu a kan sanduna a bisa wuta mai hayaƙi har su bushe su zama banda, wadda za ta jure tafiya zuwa kasuwar Goronyo ko Wurno ko Sakkwato. Jikin kara yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: yana tare ƙarfin iska amma yana barin hayaƙi ya tsiyaye ta ƙofofinsa. Aibinsa kuma sananne ne, tartsatsi ɗaya cikin iskar hunturu ya isa ya cinye tunga.

Ba kowa ke kafa bukka inda ya ga dama ba. Ruwa yana da masu shi, kuma Sarkin Ruwa ne ke faɗin tafkin da aka rufe da ranar da za a buɗe shi. A al'adar su na gayya, ana hana taɓa wasu gurabe har kifi ya girma ruwa ya ragu, sannan a yi shela, jama'ar ƙauyuka su taru da koma da gora su faɗa ruwa lokaci ɗaya. Koma ta shiga bakin Bahaushe har ya ce kifi na ganin ka mai jar koma. A irin wannan rana bakin tafki kan cika da rumfuna na kwana ɗaya ko biyu, na masunta da na masu sayen kifi da na masu abinci. Bikin Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Kabi, wanda kuma UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, babban misali ne na abin da ƙananan tafkunan Rima suka daɗe suna yi ba tare da 'yan kallo ba.

Ƙarni na 20 ya tsawaita tafiyar masunta. Zaren nailan ya maye gurbin zaren da ake murzawa da hannu, raga ta yi arha ta ƙara tsawo, mota ta sa banda ta kai kasuwannin kudu. Masuntan Hausa daga Sakkwato da Kabi suka bazu zuwa Yawuri da tafkin Kainji bayan an kammala madatsarsa a 1968, da kuma Tafkin Chadi, inda Baga ta zama babbar kasuwar banda. Farin shekarun 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 ya ƙara tura mutane, domin tafkuna da yawa sun ƙafe kafin lokacinsu. Duk inda suka je da fasahar bukka suka je, sai dai kayan ginin su sauya bisa ga abin da wurin ya bayar.

Babban sauyi a gida ya zo ne da madatsun ruwa. Madatsar Bakolori da ke kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978, ta rage ambaliyar da ke isa fadamun da ke ƙasa da ita, har zuwa ƙasar Rabah, kuma binciken da aka yi a shekarun 1980 ya nuna raguwar kamun kifi a ƙauyukan da ke wannan sashe. A kan Rima kuma aka kammala madatsar Goronyo a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. Tsawon bangonta ya kai kilomita 12 da ɗoriya, tana iya riƙe ruwa fiye da mita kubik miliyan 900, kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ita. Abin da ya biyo baya shi ne rabuwar kwarin gida biyu. A sama da madatsar an samu babban tafki da ba ya ƙafewa, inda ake su da kwalekwale da kalli duk shekara, tungaye suka fara zama na dindindin. A ƙasa da ita, wajen Wurno, ruwa ya koma zuwa bisa ga buɗe ƙofa da rufe ta, ya rage bin kalandar da kakanni suka sani.

Wannan bai kashe bukka ba, sai dai ya canza mata lissafi. Bakin tafkin Goronyo ma tafiya yake yi, domin wurin shimfiɗaɗɗe ne, ruwa ya ragu kaɗan sai gaɓa ta yi nisa. A 2018 ruwan ya ja baya ƙwarai har abin ya tayar da hankalin hukumomi. A ɗaya gefen kuma, ambaliyar Satumba 2010 ta shafe ƙauyuka da gonaki a ƙasar Goronyo da sauran yankunan da ke bin gulbin. Masuncin da a da yake karanta hadari da launin ruwa don ya san ranar tashi, yanzu sai ya haɗa da sauraron labarin sakin ruwa.

Kayan gini ma sun canza. Kara ya yi daraja tunda ana sayar da shi don abincin dabbobi da makamashi, gamba ta ragu yayin da gonaki suka cinye dazuzzuka, geza kuma sai an yi nisa. Gurbinsu sai tampol da baƙar leda da buhunan taki da ake farkewa a ɗinke, da gidan sauro da ya yawaita bayan rabon da aka fara yi gida-gida wajen 2009. Fa'idar tampol a bayyane take. Mutum ɗaya zai naɗe shi ya ɗaure a bayan babur, ya kafa shi cikin rabin sa'a, kuma ruwan sama ba ya ratsa shi, abin da ya ba da damar zama a bakin tafki har cikin damina. Amma a ma'aunin sanyi da zafi, tsohuwar bukka ta fi shi nesa ba kusa ba. Tampol da rana tanda ne, da dare ba ya riƙe ɗumi, numfashin masu kwana yana taruwa a jikinsa ya ɗigo musu kafin asuba. Rana tana cinye shi ya tsattsage, kuma idan aka bar shi ba ya ruɓewa ya koma ƙasa kamar kara. Mafi hatsari shi ne ba ya numfashi: garwashin da aka shigar cikin bukkar da aka toshe da leda yana fitar da iskar guba marar wari, wadda ke kashe mutum cikin barci. Shi ya sa haɗin da ya fi dacewa shi ne tampol a sama, zana ko kara a gefe.

Wannan matsala ta ɗumi da hayaƙi tana da 'yar'uwa a ƙasashen da ruwa ke daskarewa. A Kanada da arewacin Amurka da Rasha da arewa maso gabashin Sin, masunta suna tafiya a kan tafki da ƙafa idan sanyi ya yi tsanani, su huda ƙanƙara su saka ƙugiya ta ramin. Hukumomin jihar Minnesota suna gargaɗin kada a taka ƙanƙarar da kaurinta bai kai santimita 10 ba. Mutanen Ojibwe, 'yan asalin wannan yanki, sun daɗe suna lulluɓa fata ko bargo a kan ramin domin duhu ya ba su damar hango kifi su soke shi. Daga baya aka koma ɗakunan katako da ake ja a kan ƙanƙara, har suna zama gari guda a wurare irin su tafkin Mille Lacs da tafkin Simcoe, kuma doka ta tilasta kwashe su kafin ƙanƙara ta fara narkewa. A 'yan shekarun nan tanti mai buɗewa kamar laima ya yaɗu, wanda ake goyawa a jaka a kafa cikin mintoci. Tambayoyin da mai sayen irin wannan tanti yake yi, masuncin Rima zai gane su duka: mutum nawa zai ɗauka tare da kaya, mutum ɗaya zai iya ɗaga shi, kaurin yadinsa zai riƙe ɗumi ko zai tara raɓa a ciki, da me za a kafe shi kada iska ta tafi da shi, kuma ina hayaƙin murhu zai fita. A can ana murɗa ƙusoshi cikin ƙanƙara, a nan ana kafa turaku cikin laka ko a danne gefen tampol da buhun rairayi. A can ma iskar gubar murhun gas tana kashe masunta, shi ya sa ake yi wa tantin tagogin iska.

A gabashin Sakkwato, abin da ya fi tasiri a kan bukka cikin shekarun baya-bayan nan shi ne rashin tsaro. Tun daga harin da aka kai Tabanni a ƙasar Rabah a Yulin 2018, wanda ya kora jama'a zuwa Gandi, da wanda aka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, kwana a daji ya koma abin tsoro kamar yadda yake a zamanin ribaɗi. Tungayen da ke nesa da gari sun ragu, masunta sun fi taruwa kusa da madatsa da manyan ƙauyuka, wasu kuma sukan fita da asuba su dawo kafin magariba, bukka ta koma rumfar yini da wurin ajiyar raga. Tampol ɗin da ake raba wa 'yan gudun hijira shi ne dai ake gani a bakin ruwa, kuma a cikin masu kafa shi akwai manoman da suka rasa gonakinsu suka koma su domin neman abin kai wa baki. Irin waɗannan sababbin shiga suna koyon jefa birgi cikin 'yan makonni, amma sanin tudun da ba ya nutsewa, da yadda ake ɗaure tanka, da gefen da ake barin wa hayaƙi hanya, har yanzu a wurin tsofaffin Sarkawa da dattawan ƙauyukan bakin gulbi ake samun sa.